Sayen tsohon gida a Maraɗi don a gyara a sayar

Ribar wannan sana'a tun ranar saye ake samunta. Wanda ya sayi gida da tsada, ko ya sayi gidan da takardunsa ke da rigima, fenti da karo (tayil na daɓe) ba za su fid da shi ba. Don haka rabin aikin ana yin sa ne kafin a taɓa buhun siminti ko guda.

A fara da takarda. A Maraɗi gidaje kashi uku ne ta wannan fuska. Akwai mai titar fonsiye, wadda hukumar filaye ta ƙasa ke bayarwa, ita ce mafi ƙarfi, kuma ita banki ya fi yarda da ita wajen jingina. Akwai mai akt da sesiyon, takardar da ofishin magajin gari ke bayarwa idan an yanka filaye. Sai kuma mai takardar shaidar gargajiya kawai, ta mai unguwa ko sarki, wadda ta fi yawa a tsofaffin unguwanni da bakin gari. Kada ka tsaya ga hoton takarda a waya. Ka karɓi lambar fili da ta rukunin da yake ciki, ka je ofishin da ya ba da takardar a buɗe rajista a gabanka, a ga ko sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa. Ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ana kuma sayar da gidan da ke jingine. Sannan ka kawo mai awon fili ya nemo turakun iyaka, domin katangar da ta ci mita guda ta hanya ko ta maƙwabci, wata rana kai za ka rushe ta da kuɗinka.

Gidan gado shi ya fi araha, shi ya fi kuma kai mutane kotu. Babban wa ya ce ya sayar ba hujja ba ce. Ana son takardar zaman iyali da kotu ta tabbatar, da sunayen magada duka, mata da maza, har wanda ke Kano ko Agadas, da wanda aka wakilta ya sa hannu. Idan kason mutum ɗaya za ka saya cikin gidan da ba a raba ba, ka sani a fiƙihun Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shufu'a: suna iya biyanka abin da ka biya su karɓe kason. A biya kuɗi a gaban noter, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, da shaidu, kuma a yanke la'adar dillali tun kafin ciniki ya faɗa, a san wa zai biya.

Bayan takarda sai ruwa. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka hau da gari kan tudu, kuma har yau ruwan sama gangarawa yake yi wajen fadama, yana yanka rairayi yana buɗe kwazazzabai. Gidan da ka gani tsaf a watan Maris, ka koma ka gan shi a Agusta bayan an ɗauke ruwa. In ba za ka iya jira ba, bangon zai gaya maka. Dubi ƙasan katanga ta waje: layin laima, yaɓen da ya kumbura yana zubo da farin gari kamar kanwa, buhunan rairayi da aka jera a ƙofar gida. Dubi tsakar gida, in ta fi titi zurfi, duk ruwan layin nan zai kwana. Ka tambayi mai shayin bakin layi, ya fi dillali sanin inda ruwa ke tsayawa.

Tsagewar bango iri biyu ce. Siririya mai kama da gashi a kan yaɓe ba komai ba ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fi faɗi a sama, har tsinken ashana na shiga, wannan tushe ne ya zauna, kuma gyaranta tono ne. A unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo da Maradawa za ka tarar da ginin ƙasa da aka yi wa rigar siminti. Ƙwanƙwasa da bayan makulli: in ya yi ƙara kamar ganga, yaɓen ya rabu da bango. Irin wannan gida kuɗin filinsa za ka saya, ka cire kuɗin rushewa da kwashe ƙasa. Ka leƙa cikin silin da tocila, ka caka katakon rufi da sukundireba saboda gara. Ka nemi rasit na ƙarshe na kamfanin wuta NIGELEC da na ruwa, bashin da ke kan mita yana bin gidan.

Lissafi daga baya ake fara shi. A ce gidaje irinsa da aka gyara a layin suna tafiya miliyan 20 na sefa. Magini ya ce gyara miliyan 4, to ka rubuta 5, domin sai an fasa ake ganin ɓarna. Takardu, noter, la'ada da mai gadi, a ce miliyan 1 da rabi. Kana son ribar miliyan 3. Abin da ya rage, miliyan 10 da rabi, shi ne iyakar tayinka. In mai gida ya ƙi, ka yi masa sallama. Ka tuna kuma yawancin kayan gini ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa, farashinsu na bin canjin naira da halin iyaka, kamar yadda aka gani da aka rufe ta a 2023. Siminti, ko na Malbaza ko na Najeriya, a saye shi daidai aikin wata guda, a ɗora kan katako. Wanda ya sha laima ya daskare ya tashi aiki.

Jerin aiki: rufi tukuna, sai tushe da magudanar ruwa, sai shadda da bututu, sai wayoyin wuta, sai yaɓe, daɓe ko karo, fenti a ƙarshe. Masu gaggawa suna juya jerin, su shafa fenti sannan mai wuta ya zo ya farfasa bango. Kankare na ginshiƙi da linta (wanda ake zubawa saman ƙofa da taga), buhu ɗaya mai kilo 50 ga baro ɗaya na rairayi da baro biyu na tsakuwa. Bulo mai santimita 15, buhu ya ba da 30 zuwa 35. Mai bugawa da ya fitar da 50 rairayi ya sayar maka, in ka murza gefensa da yatsa zai zube. Kowace murabba'in mita ta bango tana cin bulo kusan 13. A yi ta ba sabon aiki ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman da hunturu da bazara, lokacin da iska da zafi ke shanye ruwan kafin siminti ya kama. Yaɓe kuma a bar shi sati 3 zuwa 4 kafin fenti, in ba haka ba zai ɓare. Bangon da laima ke hawa, a kankare shi har bulo, a gyara abin da ke kawo ruwan, sannan a sake yaɓawa. Magini a biya shi bisa matakin da ya gama, kada a ba shi rabin kuɗi tun ranar farko.

Abin da mai saye a Maraɗi ke biya wa kuɗi sananne ne: katanga doguwa, ƙofar da mota za ta shiga, ɗakin baƙi mai ƙofarsa daban da cikin gida, bayi mai kyau, rumfa da inuwa. In gidan na bakin titi, shago ɗaya ko biyu a gaba sun fi duk wani ado ɗaga farashi, garin 'yan kasuwa ne. Silin mai ƙyale-ƙyale da fitilu masu launi kuwa ba sa mayar da kuɗinsu. Bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida a bar ta, sai in saiwarta ta kusa tushe ko shadda.

A fara aiki da kaka, a gama kafin ruwan Yuni. Tun ana gyara a sa a mayar da takarda da sunanka, domin mai saye da kuɗi a hannu ba ya jiran ofis. Ranar nuna gida a ajiye takardu da rasit na wuta da ruwa wuri ɗaya, da hotunan aikin tushe da bututu kafin a rufe su. Aibin da ka sani ka faɗe shi a rubuta cikin yarjejeniya. Ɓoye shi haramun ne, kuma yana ba mai saye damar mayar maka da gidan.