Darasi na 9: Fentin ɗaki bayan an ɓare takardar ado

Akwai siririyar takardar ado da ake liƙawa a bango, ta zagaye ɗaki a ƙarƙashin silin ko a tsakiya. Idan an gaji da ita aka ɓare, kada a yi saurin buɗe gwangwanin fenti. Takarda ta tafi, amma gam ɗinta yana nan, kuma shi ne mai ɓata aiki. Fentin ruwa yana jiƙa tsohon gam ya farfaɗo da shi. Da an kwana biyu sai wurin ya tsattsage, ko ya riƙa ɓamɓarewa.

Saboda haka wanki ne farko. A kashe wutar ɗakin idan akwai soket ko makunni kusa. A zuba ɗan sabulun wanke-wanke a ruwan ɗumi, a jiƙa wurin da soso, a bar shi kamar minti 10 gam ya yi laushi. Sai a kankare a hankali, kada a yagi bango. A ɗauraye da ruwa mai tsabta. Yanzu a shafa jiƙaƙƙen hannu a wurin. In an ji santsi ko danƙo, da saura, a sake wankewa. Ido yana ruɗin mutum a nan, hannu ne ke faɗin gaskiya.

A bar bango ya bushe, aƙalla awa 24.

Da dare ko a ɗaki mai duhu, a kwantar da tocila a jikin bango ta haska shi daga gefe. Sau da yawa za a ga wani ɗan tudu miƙaƙƙe, inda tsohon fenti ya tsaya a bakin takardar. Ko hannu nawa na fenti aka shafa, wannan layin ba zai ɓuya ba sai an goge shi da sanfefa ya daidaita. Ramuka kuma a cike su, su bushe, a goge. A sa takunkumi, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, ƙurarsa guba ce, musamman ga yara. A share ƙurar da tsumma mai danshi.

Daga nan a shafa fentin shimfiɗa, wato wanda ake fara shafawa kafin ainihin fenti, a inda takardar take. Wanda aka haɗa da mai ya fi, don yana rufe ɗan gam ɗin da ya kuɓuce, amma warinsa da ƙarfi, a buɗe tagogi. Masu gaggawa sukan tsallake fentin shimfiɗa, su ne kuma ke yin aiki sau biyu.

Fentin kansa ba wuya. A bi kusurwoyi da buroshi, a cike fili da rola daga sama zuwa ƙasa. Hannu biyu ake yi, a bar tazarar lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani tsakaninsu.

Aikin yi: A ce lita 1 tana rufe murabba'in mita 10 a hannu ɗaya. Bangon ɗaki murabba'in mita 40 ne. Lita nawa za a saya don hannu biyu?