Kurakuran da ake tafkawa a ranar ƙarshe ta yawon kallon tsuntsaye a tsaunuka

An kwashe kwanaki ana hawa ana sauka, littafi ya cika da sunaye, amma akwai wani tsuntsu guda da ya ƙi bayyana. Galibi ma shi ne wanda hotonsa ya sa mutum ya yi tattaki tun farko. Yawancin ɓarnar ranar ƙarshe daga nan take tasowa, domin sai a ɗora wa wuni guda bashin mako guda.

Abin da aka fi yi shi ne matsa wa jagora lamba ya kunna kukan tsuntsun a lasifika. "Malam, ƙara kunnawa mana, yau ce fa ta ƙarshe." Jagora yana jin nauyin baƙinsa, sai ya biye musu. Shi kuwa namijin tsuntsu, da ya ji kukan irinsa a yankinsa, ɗauka yake abokin gaba ne ya shigo. Sai ya bar kiwo, wani lokaci ya bar sheƙa, ya yi ta kai-komo yana neman wanda babu shi. A wurin da sanyi ke cinye ƙarfin jiki, wannan ba ƙaramar asara ba ce gare shi. Kuma ku tuna ba ayarinku kaɗai ke bin wannan hanya ba: jiya an kunna masa, gobe ma za a kunna. Shi ya sa gandayen daji da yawa suka hana, ciki har da manyan gandayen gwamnatin tarayya a Amurka. Gyaran daga daren jiya yake farawa. Ka gaya wa jagora tsuntsun da ya rage maka, a tsara isa wurinsa kafin gari ya waye, lokacin da tsuntsaye suka fi kuka da motsi. In an isa, a zauna a yi tsit. Inda doka ta yarda a kunna, a yi shi a taƙaice da ƙaramar murya, da zarar ya amsa a kashe. Kusa da sheƙa kuwa, ko kan tsuntsun da irinsa ke ƙarewa, kada ma a fara.

Kwaɗayin nan dai shi ke sa a ce a ƙara hawa kaɗan. Daga wajen mita 2,500 ciwon kai da jiri na ƙarancin iska ke iya kama mutum, ga gajiyar mako a ƙafa. A tsaunuka da dama safiya garau take, sai bayan rana ta take gajimare ya taru, hazo ya rufe kwari, hadari ya taso. A yanke lokacin juyawa tun kafin a fita, kuma a juya ko da an ji kukan tsuntsun a gaba. In ka ga walƙiya, ƙirga: kowane daƙiƙa uku kafin tsawa kusan kilomita ɗaya ne tsakaninka da walƙiyar. A gangara ma kada a yi gaggawa, nan ne gwiwa ke ciwo, tsakuwa ke zamewa. Sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma waɗanda jikinsu ke kan dutse amma hankalinsu ya riga ya isa filin jirgi. Tun da dare sun cusa rigar sanyi a ƙasan akwati, sun manta cewa zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da aka hau. Mafi ban takaici shi ne mai ajiye madubin hangen nesa a bayan mota. Hantsi ya yi, rana ta ɗumama gangaren dutse, iska mai ɗumi ta fara tashi, mikiya ta biyo ta tana shawagi daidai saitin taga. Direba ya taka birki, kowa ya ɗaga madubi, shi kuma yana can yana kokawa da zif ɗin jaka ƙarƙashin akwatuna shida. Hanyar saukowa ma wurin kallo ce. Tsirrai na sauyawa daga ciyawar ƙololuwa zuwa kurmi zuwa gonaki, tsuntsaye na sauyawa tare da su, kuma wasu da aka wuce a guje ranar hawa yanzu ne za a same su. Madubi ya zauna a wuya har ƙofar filin jirgi.

Sai batun lissafin tsuntsayen da aka gani, inda son zuciya ke shigowa a ɓoye. Wani abu ya gifta cikin ganye, jagora ya ambaci suna, kai ba ka ga komai ba sai motsin reshe, amma ka sa alama. A ganina wanda ka ji kukansa kawai ka rubuta cewa ji ka yi, wanda wasu suka gani ba ka gani ba ka bar musu. Wannan ya fi muhimmanci in kana saka bayananka a eBird, shafin intanet na tara bayanan tsuntsayen da aka gani, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell ta buɗe a 2002, domin masu bincike da su suke aiki. Kada ka haɗa duk saukowar a jeri ɗaya. Kowane zango da nasa jerin, da lokacinsa. Manhajar Merlin da ke gane kuka shawara take bayarwa, tana kuma kuskure, musamman kusa da rafi ko cikin iska. Hoton tsuntsun da masu kamawa ke farauta kuwa, a cire masa bayanin wuri kafin a ɗora a intanet.

Ragowar ƙananan abubuwa ne, amma suna jawo tsaiko. Gashin tsuntsun da ka tsinta ka bar shi a nan. A Amurka wata doka ta shekarar 1918 ta hana riƙe gashin yawancin tsuntsayen ƙasar, ko da a ƙasa aka tsince shi. Wanke laka da irin ciyawa daga takalmi, don a iyakar Ostireliya da New Zealand ana dubawa sosai. Batiran kyamara na ajiya a jakar hannu ake sa su, ba a akwatin da za a auna ba. Madubin da ya sha raɓa kuma a bar shi ya bushe a sarari kafin a rufe shi cikin gidansa, in ba haka ba danshi zai sa gilashin ya yi fumfuna.