Yadda Ake Sarrafa Sabar Daga Nesa Da SSH

Idan sabar ɗin ofishinku, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima, tana Barnawa a Kaduna, kai kuma kana Kawo, ba sai ka ratsa cunkoson titin Ahmadu Bello ba don kawai wata manhaja ta tsaya. SSH, wanda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a ƙasar Finland a 1995, zai ba ka damar ba ta umarni daga inda kake zaune, kuma duk abin da ke wucewa tsakaninku a rufe yake, mai leƙe ba zai iya karantawa ba.

A kan sabar mai Ubuntu, fara da `sudo apt install openssh-server`. Sai ka koma kwamfutarka ka rubuta `ssh suna@adireshi`, wato sunan asusunka da lambar IP ta sabar. Don samun inda za a rubuta umarnin, mai Windows 10 ko 11 ya buɗe PowerShell, mai wayar Android ya sauke manhajar Termux.

Kada ka tsaya kan kalmar sirri. Duk sabar da ta buɗe ƙofa ta 22, wadda SSH ke amfani da ita, ga intanet, dare da rana na'urorin masu kutse suna ƙwanƙwasa mata, suna cankar kalmomi. Maganinsu makulli ne. A kwamfutarka, rubuta `ssh-keygen -t ed25519`, za ka samu fayil biyu. Mai `.pub` a ƙarshensa shi ake kai wa sabar da `ssh-copy-id suna@adireshi` (a Windows sai dai ka kwafe shi da hannu cikin `~/.ssh/authorized_keys` na sabar). Ɗayan kuwa kamar makullin shagonka ne: ba a tura shi ta WhatsApp, ba a bar shi a filashin da ke yawo hannu-hannu, ko da abokin aiki ne ya roƙa. Kowa ya yi nasa.

Da ka ga makullin yana buɗewa, shiga fayil ɗin `/etc/ssh/sshd_config` na sabar ka sa `PasswordAuthentication no` da `PermitRootLogin no`, sannan `sudo systemctl restart ssh`. A nan ake yawan yin kuka. Don Allah kada ka rufe tagar da kake ciki. Buɗe wata sabuwa ka gwada shiga tukuna, domin idan akwai kuskure kuma ka riga ka fita, ka kulle kanka a waje, sai ka je har gaban na'urar da allo da madannai. Haka ma katangar tsaro: `sudo ufw allow OpenSSH` ne farko, `sudo ufw enable` ya biyo baya.

Ofisoshi da yawa a garin nan da rauta mai layin waya suke hawa intanet, kuma galibi irin wannan layi ba ya ba da adireshin da za a iya samu daga waje. Idan haka naku yake, sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓantacciyar hanya, a sabar da kwamfutarka, ka riƙa shiga da adireshin da ya ba ka.

Sai maganar yankewar sabis ko ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki. Kafin duk wani aiki mai tsawo, rubuta `tmux` bayan ka shiga sabar. Ko layinka ya yanke, aikin zai ci gaba a can, in ka dawo `tmux attach` ya mayar da kai inda ka tsaya. Amma ita kanta sabar sai da UPS ko inbata, kuma a saita BIOS ɗinta, wato saitin da ke kula da tashin kwamfuta, yadda za ta tashi da kanta idan wuta ta dawo.