Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen haɗa kanta mai gangara a sito

Kanta mai gangara ba ta da wani sirri. Layuka ne na ƙananan tayoyi ko rola da aka ɗan karkata, ana zuba kwali ta baya, nauyinsa ya gangaro da shi gaba, mai haɗa oda ya ɗauka a tsaye. Wanda ya fara shiga shi ke fara fita, shi ya sa ta dace da dillalan magani da kayan masarufi masu ranar lalacewa. Duk da sauƙin nan, ɓarnar da ake yi a kanta iri ɗaya ce, daga wannan sito zuwa wancan.

Babban kuskure shi ne a kira mai walda, a ce masa "ka ɗan karkata ta", ya duba da ido, ya liƙe ƙarfen har abada. Haba malam! Gangarar nan ita ce injin kantar gaba ɗaya, ta yaya za a bar ta ga kintace? Ta yi kaɗan, kwali ya tsaya a tsakiyar layi, sai ka ga yaro ya kwanta da ciki a kan ƙarfe yana zunguro shi da sandar tsintsiya, oda goma na jiransa. Ta yi yawa, kwali ya taho a guje ya daki tokaren gaba, kwalaben ciki su tsage, kusurwar kwalin ta lotse, wani lokaci ma ya tsallake ya sauka a ƙafar mutum. Ga kwalaye, yawanci ana farawa daga santimita 5 a kowace mita, a yi wasa tsakanin 4 da 7. Amma wannan mafari ne kawai. Kwali marar nauyi yana son gangara fiye da mai nauyi, kwandon roba mai santsin gindi kuwa ya fi kwalin takarda gudu nesa ba kusa ba. Ni dai ba na yarda a yanka ƙarfen aikin sai an haɗa layi guda na gwaji. A kawo kwalin da ya fi kowanne nauyi, da wanda ya fi kowanne sauƙi, da wanda aka kwashe rabinsa, da wanda ya sha wuya a mota har gindinsa ya yi ciki. Kowanne a ajiye shi a tsakiyar layin, a sake shi ba tare da turawa ba. In ya tashi da kansa ya isa gaba a natse, gangara ta yi. Gwajin da ake yi da tura kwali daga baya yaudara ce, domin a wurin aiki kwalin yana tsaye ne, sai an cire na gabansa zai motsa. Sannan a yi ginshiƙai masu huda a jere, a ɗaure da noti, don a iya ɗaga bayan ko a sauke shi. Kwalin da ya gudu lafiya da rani, in damina ta yi ya sha laima, sai ya yi laushi ya dinga nutsewa tsakanin tayoyi.

Da ma nutsewar nan tana da wani dalili: tsumulmular tayoyi. Dole a kowane lokaci a samu aƙalla rola uku a ƙarƙashin kwali. In tsawonsa santimita 30 ne, tazarar rola kada ta wuce 10. Wanda ya buɗa tazarar don ya rage kuɗi, zai biya a kayan da suka maƙale.

Kuskure na biyu ya fi cin kuɗi, kuma na mai sito ne, ba na mai walda ba. Alhaji ya ga kantar ta burge shi, sai ya ce a zuba mata duk abin da ke sito. To ai kowane gurbi a nan ya fi na kanta ta tsaye tsada sosai, saboda tayoyi da ƙarin ƙarfe. Kayan da ake ɗauka sau ɗaya a mako me ya kawo shi kan taya? Kanta ta tsaye ta ishe shi. Wanda ke fita kamar ruwa, kwali ɗari a wuni, shi ma ba nan ne wurinsa ba, a bar shi a jibge a kan katakon dora kaya kusa da ƙofa, in ba haka ba mai zubawa zai wuni yana hidimar layi ɗaya. Na tsakiya su ne 'yan gida: masu fita kullum, amma da ɗaiɗai ko kwali kaɗan. Ba a gane su da ka. A ɗauko takardun oda na wata uku, a ƙirga sau nawa aka taɓa kowane kaya. Sau nawa aka taɓa shi, na ce, ba nawa ya kawo ba. Kusan kullum za a tarar kaya kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan zirga-zirgar, kuma su kaɗai za a yi wa layi, ban da masu fita kamar ruwan nan.

Daga wannan ƙirgar ce zurfin layi ke fitowa. Misali kaya na fita kwali 12 a wuni, tsawon kwalin santimita 40. Layi mai mita 2.4 zai ci kwali 6, wato ko a cika shi sau biyu a wuni, ko a ba shi layi biyu. Masu son a ce kantarsu doguwa ce su sani, layin nan a gangarar santimita 5 bayansa ya ɗara gabansa da santimita 12. Ƙara zurfi yana ɗaga baya, har hawa na sama ya fi ƙarfin hannun mai zubawa, ga kuɗin kayan da aka kwantar a ciki ba gaira ba dalili.

Nauyi kuma ba a lissafa shi, abin takaici. Faɗin mita 2.7 zai ɗauki layi 8 na kwali mai faɗin santimita 30. Kwali 6 a kowane layi, kowanne kilo 12, hawa ɗaya ya zama kilo 576. Hawa huɗu ya haura tan biyu. Ƙarfen tsakiya in bai isa ba zai lanƙwasa, gangara ta ɓace a tsakiya, kwali ya kwanta a kwarin. A sa ƙarfen tallafi a ƙarƙashin layukan, a kafe ƙafafun kantar a daɓen siminti. Kafin nan a auna daɓen da ma'aunin magina, don sau da yawa shi ma yana da tasa gangarar, wadda za ta ƙara wa taka ko ta cinye ta.

Kada wanda ya zuba giris ko baƙin mai a tayoyi. A sitocin Sharaɗa da Bompai a Kano, ƙurar hunturu na haɗuwa da man ta zama taɓo ta riƙe boris. Buroshi da iska sun wadatar, a kuma dinga cire guntun salatif da igiyar roba da ke naɗewa a jikin taya.

Kaya masu nauyi da masu yawan fita a sa su tsakanin ƙugu da ƙirji, marasa nauyi su hau sama. A bar kamar santimita 10 a saman kwali don hannu ya shiga, in kuma daga cikin kwalin ake ɗiba, a ƙara karkata bakin layin don a ga ciki. Gefe da gefe a bar santimita ɗaya zuwa biyu, da ƙarfen raba layi, in ba haka ba kwali zai juya ya toshe maƙwabcinsa. Buhu ba ya gangara, a sa shi a tire ko a kai shi wani wuri. Lambar kaya a manna ta gaba da baya, domin mai zubawa ba ya ganin ta gaba. Hanyar baya ta mai zubawa ce shi kaɗai. Duk wanda ya ga kaya sun dawo ya cusa su ta gaba, ya tura tsohon kwali baya ke nan, sai ranar da aka zo ƙirga a tarar kwanan watansa ya wuce.