Yadda za ka tsare kuɗinka a asusun waya ko da an ƙwace wayar

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 matasa suka koma ajiye kuɗi a OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda. Amma har yau akwai wanda da zarar alat ya shigo sai ya ruga wajen mai POS ya cire, ya biya caji, don gudun kada a kwashe masa. Ban ga laifinsa ba. Ƙanena an fizge masa waya a cikin adaidaita sahu bayan magariba, kafin gari ya waye kuɗin makarantar da ya tara sun tafi. Ba manhajar suka fasa ba, layinsa suka cire suka sa a wata wayar.

Don haka ka fara da layin. Shiga saitin wayarka, wajen tsaro, ka kunna makullin SIM, ka canza lambar da ya zo da ita zuwa taka. Daga nan duk wanda ya sa layin a wata waya sai ya san lambar kafin ya yi aiki. Ka kula, in ka yi kuskure sau uku layin zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da ka ɓalle layin daga ciki, saboda haka nemo katin tukuna. Na daɗe a kan wannan ne domin komai ta layin yake bi: lambar OTP, wato lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya da ake turowa ta saƙo, nan take shigowa, wanda ya danna *565*0# zai ga BVN ɗinka, a OPay da PalmPay kuwa lambar wayarka ce lambar asusunka, an dai cire sifilin farko.

Sai lambar sirrin tura kuɗi. Kada ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka, kada kuma ta zo ɗaya da ta buɗe waya. Ka hana saƙonni bayyana a fuskar waya idan tana kulle. Hoton katin ATM da BVN ɗin da ka ajiye cikin sunayen waya, goge su yau.

Na uku, masu kira. A Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta haɗa kowane asusu da BVN ko NIN, 'yan damfara kuwa suka samu abin fakewa. Ɗan damfara zai kira da ladabi, ya faɗi cikakken sunanka, ya ce za a rufe asusunka in ba ka karanto masa lambar da aka turo ba. Kashe wayar. Ma'aikacin gaske ba ya neman OTP ko lambar sirri. Haka ma saƙon tallafi da ake yawo da shi a WhatsApp, kada ka danna. Inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya, wadda aka ƙara adadinta a 2024, tana biya ne in kamfani ya durƙushe, ba in kai ka miƙa lambarka ba.

Ka kuma raba ƙafa: kuɗin cefane da katin waya a asusun da ke waya, jari a wani daban, sannan ka rage iyakar abin da za a iya turawa a rana. In kana sayar da kaya, kada ka yarda da hoton rasit, buɗe manhaja ka ga kuɗin da idonka kafin kaya su bar hannunka.

Ranar da waya ta tafi, kada ka tsaya jimami. Ari wayar wani, kira kamfanin layi su rufe shi, kira kamfanin asusun su dakatar da fitar kuɗi, sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda. Washegari ka je ofishin layin da NIN ɗinka a yi maka welkam bak, wato a ba ka sabon SIM mai lambarka ta da. Lambobin da za ka kira ɗin nan suna cikin manhajar da aka sace tare da wayar, don haka rubuta su a takarda tun yanzu ka ajiye a gida.