Darasi na 9: Ɗakin kamun kifi a kan ƙanƙara, a sa wa ƙasansa soson tare sanyi ko a bar shi haka?

To jama'a, yau darasinmu zai kai mu jihar Minisota a arewacin Amurka, kusa da iyakar Kanada. Can idan hunturu ya kankama daga Disamba zuwa Maris, saman tafki daskarewa yake ya zama ƙanƙara, amma ƙasa ruwa ne kuma kifi na nan yana yawonsa. Sai mutane su ja ɗan ɗaki na katako ko mai taya kamar tirela su kafa a kan tafki irin su Mille Lacs, su huda rami mai faɗin inci 8 ko 10, su zura ƙugiya suna zaune a ciki da hitar gas. Hukumar jihar tana cewa kar mutum ya taka ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4, mota kuwa sai ya ninka haka fiye da sau biyu.

Duk mai gina irin ɗakin nan sai ya yi wannan tambayar: bango da rufi dai kowa na sa musu abin tare sanyi, to ƙasan fa? Wasu su ce ai zafi sama yake tashi, me za a ɓata kuɗi a ƙasa. Gaskiya ne iska mai ɗumi sama take yi, shi ya sa ma za ka ga mutum ya cire rigar sanyi yana gumi a ka amma yatsun ƙafarsa kamar ba nasa ba, saboda tsakanin tafin ƙafarsa da ƙanƙara falankin katako ne kawai, kuma iska na ratsawa ta ƙarƙashi tana kwashe ɗumin, hita na ta ci tukunyar gas na ta ƙarewa.

Ciwon ƙafa ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce ɗumin da ke zurarewa ta ƙasa yana narkar da saman ƙanƙarar da ɗakin ke zaune a kai, ruwa ya taru a ƙarƙashi, an kashe hita an tafi gida sai ya sake daskarewa ya riƙe gindin ɗakin gam. Ranar da za a janye sai an zo da gatari da jak ana sara ana haƙa, wani lokacin har katakon ya tsage. Ga shi doka ta sa rana a watan Maris da dole kowa ya kwashe ɗakinsa daga kan tafki, ba wanda zai saurari uzurin wai ɗakina ya maƙale. Shi ya sa masu dabara suke ɗora ɗakin a kan guntayen katako tun farko.

Abin da ake sawa a ƙasan don tare sanyi soso ne mai tauri, kun san irin wanda ke cikin kula ɗin masu sayar da ƙanƙara da zoɓo, to ɗan'uwansa ne, aikin ma ɗaya, can yana hana zafi shiga nan yana hana shi fita. Ana yanka shi a cusa tsakanin katakan da ke riƙe da daɓen, inci 1 zuwa 2, a toshe duk wata kafa. Akwai kuma na feshi da ke kumbura ya manne, ya fi kyau amma ya fi tsada. Wanda ba a so shi ne mai laushi kamar auduga, wannan ruwa yake sha, kuma ƙasan ɗakin masunta ai ba ya rabuwa da jiƙa, kifi ya fantsalo ruwa, dusar ƙanƙarar takalmi ta narke, kafin ka ankara katako ya fara ruɓewa.

Ni dai a ganina wanda zai kwana a ciki ko ya bar ɗakin wuri ɗaya makonni, ya sa kawai, soson ba shi da wani nauyi. Mai tantin da ake naɗewa kuwa, yau yana nan gobe yana can, shi ko daɓe ba shi da shi, tabarmar roba mai kauri ta ishe shi. Abu ɗaya kuma, ɗaki in ya toshu sosai dole a bar kafar shan iska, don hitar gas na iya fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta kashe shi, saboda haka ake rataya na'urar da ke yin ƙara in iskar ta taru.

Yanzu ku ɗauko biro. Ƙasan ɗakin tsawonsa ƙafa 16 faɗinsa ƙafa 8, shi kuma soson ana sayar da shi falle-falle, kowane falle ƙafa 8 da ƙafa 4. Falle nawa za a saya?