Yadda ake bibiyar kumburin manyan jijiyoyin jini da sikanin

Nan Sakkwato da an ce sikanin sai hankali ya tai ga masu ciki, alhali da na'urar ake duba bangon jijiyar jini a ga ko ya kumbura. Cutar iri biyu ce. Akwai Takayasu, sunan likitan ido ɗan Japan da ya bayyana ta a 1908, ta fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40, hannu ya riƙa gajiya da ɗan aiki kaɗan, a nemi bugun jini a wuyan hannu a rasa. Sai ta waɗanda sunka wuce 50, mai kama jijiyar gefen goshi, ciwon kai sabo, muƙamuƙi na ciwo in ana tauna.

Abin da nika son ku riƙe, sikanin guda bai isa bibiya ba. Likita na kwatanta na yau da na baya ne, don haka takardar farko ku adana ta, ku ɗauki hotonta a waya ma. In a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kunka fara to ku koma can, in ma wani wuri ne ku tsaya nan, don kauri ne na milimita ake aunawa, canjin na'ura ko canjin hannu na iya sa a ga kamar ciwo ya ƙaru ko ya ragu alhali yana nan yadda yake.

Ranar zuwa ku sa riga mai sakin wuya da hannu, a cire sarƙa. Mata in kuna son mace ta yi muku ku faɗa tun wajen karɓar kati, ba abin kunya ba ne, don har hammata ake dubawa. Ba a hana cin abinci sai in za a duba jijiyoyin ciki da na ƙoda, nan kan ce a zo ba a karya ba. Za ku kwanta rigingine, a shafa man nan mai sanyi, a bi wuya dama da hagu, ƙasan ƙashin wuya, hammata, gaban kunne. Ba zafi ba allura, mai ciki ma ana yi mata.

Mi ake nema? A gefen goshi wani baƙin zobe ne ke zagaye jijiyar, in an danna lafiyayya sai ta lafe ta ɓace, mai kumburi ko tana nan ana ganin bangonta. A wuyan mai Takayasu bangon kan yi kauri sumul ya yi tsawo, likitoci da kansu makaroni suke kwatanta shi da ita. A hammata kaurin da ya kai milimita 1 abin lura ne. Ku roƙa a rubuta lambar kaurin kowane wuri, dama daban hagu daban, "akwai kumburi" kawai ba ta taimakon wanda zai karanta bayan wata shida.

Ku faɗi ranar da kunka fara prednisolone, maganin rage kumburin, da adadin da kuke sha yanzu, don zoben goshi kan dushe cikin kwanaki zuwa makonni da fara magani, na hammata ko yana iya daɗewa watanni ko da mutum ya samu sauƙi. Saboda haka kar ku ga kauri ku ƙara ƙwaya da kanku, kar kuma ku ga hoto ya yi kyau ku daina, maganin nan a hankali ake rage shi da izinin likita.

Sikanin bai ganin babbar jijiyar cikin ƙirji sosai, haƙarƙari da huhu sun tare, wannan sai hoton cikin jiki na CT ko MRI. Ana haɗawa da gwajin jini na ESR da CRP masu nuna kumburi a jiki, da awon bifi a hannu biyu, don hannun da jijiyarsa ta tsuke yakan nuna ƙasa.

In ido ya dushe kwatsam, ko ana ganin abu biyu-biyu, ko gefen jiki ya saki, kar a jira ranar sikanin, a wuce sashen gaggawa nan take.